Ranar da Na Ƙaryata Jirgin Iya

A saman benenmu na unguwar Jarwal, can ƙasa mai tsarki, tun kafin a rushe layinmu a gina otal, kakata Iya Hauwa takan hura gawayi bayan magariba ta ɗora butar shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta cika yi mana tatsuniyoyin da aka saba ba. Labarinta na gawwasa ne, jirgin yaƙin nan da ke tafiya a ƙarƙashin teku.

A Jidda ta samo shi. Ta yi shekaru tana girki a gidan wani injiniya Bature mai son tsofaffin finafinan yaƙin ruwa a kaset. Daga bakin ƙofar kicin take leƙe. Ba ta jin yarensu ko kaɗan, sai ta sa wa kowa magana da Hausa.

"Ku matso, za mu nutse," haka take farawa.

Jirgin ya lafe a ƙasan teku, abokan gaba suna bisa suna sauraro. Kyaftin ya hana kowa motsi, ko cokali kada ya faɗi. Iska ta yi ƙaranci, fitila ta mutu. Sai tari ya taso wa wani, ɗan'uwansa ya toshe masa baki da riga, yana riƙe da shi yana hawaye. A nan Iya takan yi shiru, mu ma mu riƙe numfashi, har ta ce na sama sun wuce, kowa ya tsira.

"Wanda ya shirya fim ɗin nan ya san wurin," takan ce. "Ya taɓa zama a ciki."

Ina shekara goma sha huɗu na ga wani shiri a talabijin kan yadda ake haɗa irin waɗannan finafinai. A makon ne ƙawayena biyu na madarasa suka zo mana daga unguwar Rusaifa. Ba sa jin Hausa sosai, ni kuma a lokacin kunyar Hausar nake ji. Iya tana tsakiyar labari na katse ta.

"Iya, duk haɗi ne fa. Jirgin ɗan ƙarami ne kamar na wasan yara, a tankin ruwa ake sa shi. Mutanen kuma a ɗaki suke, ana girgiza shi ana watsa musu ruwa."

Na maimaita da Larabci, har da kwaikwayon yadda Iya take toshe baki in ta zo wurin tarin. Ƙawayena suka yi dariya.

Iya ta dube ni. "Ashe haka ne? To, Allah ya ƙara sani." Ta zuba wa baƙi shayi. Daga ranar ba ta sake ba da labarin ba, ko da ƙannena sun roƙe ta. Ni ma ban taɓa ba ta haƙuri ba, don gani nake gaskiya na faɗa.

Bayan rasuwarta, muna naɗe kayanta, na ba mahaifiyata wannan labari ina murmushi. Ba ta yi murmushi ba. Ta ce Iya tana ƙarama suka haye teku daga Sudan a cikin ramin wani jirgin katako, an rufe su da buhuna. Da jirgin masu sintiri ya matso, aka ce kada a ji ko tari. Uwar Iya ta danne bakin jaririn da ke hannunta, ƙanin Iya. Da aka buɗe su, yaron bai ƙara motsi ba.

Abin da na faɗa game da tankin gaskiya ne, na sake bincikawa da na girma. Na kuma ji cewa wasu masu shirya finafinan sun zauna da waɗanda suka yi yaƙin, suka saurare su kafin su ɗauki komai. Ni ina da tawa a gabana, ban tambaye ta ba.

Mahaifiyata ta ce sau ɗaya tak Iya ta taɓa faɗa mata abin da ya faru a fili. Mu kuwa kusan kowane mako take faɗa mana, ta hanyar da za ta iya, a labarin da kowa yake fitowa da rai. Ni ce na hana ta.