Ranar da Kaka Ya Ji Kunyar Muryata

Jiya da safe ɗana ya yi sallama, muryarsa ta tsage a tsakiya kamar ta zakaran da ke koyon cara. Ƙannensa suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, don nan take na tuna da zauren kakana.

Mu mutanen da ruwan madatsar Tiga ya tasa ne. Kafin in yi wayo kakana ya makance, amma bai bar gyaran komar kamun kifi ba, da lalube yake yi, zauren kullum yana ƙarnin kifi da hayaƙin banda. Jikoki mun fi a ƙirga, kuma da murya yake gane kowa. Tawa kuwa siririya ce, tana da zaƙi, ba yabon kai ba. Ni kaɗai ya koya wa waƙar masuntan tsohon garinmu da ke ƙarƙashin ruwa. In na shigo sai ya ce, "Ga ɓarawon matata nan, ku riƙe min shi!" Ya laluba kwano ya miƙo min kan tarwaɗa. Akwai ɗan baffana, ƙanena ne da shekara biyu, wanda aikinsa amshi kawai. Ko kallo bai ishe ni ba.

Wata damina na kwana na tashi da murya kamar ana jan turmi a ƙasa. Na shiga zaure na yi sallama. Kaka ya gyara zama, ya kau da kai gefe, ya amsa a gajarce. Ka san mahaifina ne ɗan farinsa, kuma tsofaffinmu ba sa hira da ɗan fari, ba sa ko kama sunansa. Ashe muryar mahaifina ce ta fito daga bakina, sak.

Na ce, "Kaka, ni ne fa."

Ya ce, "Na sani, yaro. Kunnena ne bai yarda ba."

Ya yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai ya ɗauko tsokana, in na amsa sai ta maƙale masa. A sati guda ɗan baffana ya gaje wurina. Shi ne ɓarawon mata yanzu, shi ke ba da waƙa, shi ke cin kan tarwaɗa, har da tsotsar ƙashi da ƙarfi don in ji. Wallahi na yi kishi, kishin da ke hana cin tuwo. Waƙata ce yake ja, yana ma karya ta a inda ba a karyawa, Kaka kuma yana gyaɗa kai.

Babu abin da ban sha ba: zuma, citta, kanumfari, har ɗanyen ƙwai. Kakata ta kama ni ina maƙe murya a bayan rumbu, ta ce, "Maigidana, girma ne ya zo, ba a korar sa da citta." Sai na koma jira. Kullum ina kasa kunne in ji ranar da ta ɗan baffana za ta fashe, mu zama ɗaya. Ba ta fashe ba sai bayan Kaka ya rasu da 'yan watanni. Shi har ƙarshe jika ne.

Da na girma wani malamin asibiti ya yi min bayani. Ya ce wani sinadari ne da jiki ke saki lokacin balaga, homon, yana kaurara jijiyoyin maƙogwaro. Ko mace aka daɗe ana yi wa allurarsa muryarta kan yi kauri, kuma da wuya ta dawo. Na gode masa, amma bai rage min komai ba.

Yanzu zauren ya zama shagon cajin waya, yara ba su san waƙar ba. Ɗan baffana, da furfurarsa, in an haɗu a suna yakan ce, "Ai ni Kaka ya bar wa waƙar." Ina murmushi, amma kishin yana nan.

Ɗana kuwa shi ne na fari, bisa al'ada ba na sakin fuska da shi. Amma jiya da ya yi sallamar nan, ban kau da kai ba. Na kira shi da sunansa, na ce ya sake yi in ji.