Ranar da Na Rungume Surukina a Gonar Dawa

Jikokina sun iya lissafa ƙasashen da suka ci kofin ƙwallon Afirka, wa ya ci sau nawa, a wace shekara. Ni kuwa da an ambaci na farkon da Gana ta ci, a 1963, sai in ji kunya ta rufe ni har yau.

Lokacin ina saurayi a ƙauyenmu kusa da Danja, ina neman auren wata yarinya da nake so kamar in mutu, ita ma tana sona. Mahaifinta dattijo ne mai tsare gida, dariyarsa ma sai an yi sa'a. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai ya aiko cewa dawarsa ta isa girbi. Kowa ya san ma'anar wannan: in tara abokaina mu yi masa gayya, wato aikin taro, shi kuma ya ga irin mutumin da zai ba 'yarsa. Ya sa ranar Lahadi.

Ashe ranar ce Gana za ta kara da Sudan a wasan ƙarshe. Mu an riga an yi waje da ƙasarmu, Sudan ɗin ma ta lakaɗa mana duka, don haka kowa Gana yake bi, ko a rama mana. Abokaina, 'yan banza, suka ce wallahi su Funtuwa za su tafi jin wasa a shagon wani Bayarabe mai gyaran keke, haifaffen garin, wanda ke da rediyo. Na yi lallashi, na yi zagi, ba wanda ya motsa. Kai, har da wanda muka sha nono ɗaya!

Sai na hau keke na tafi wurin mai rediyon da kaina. Ya yi dariya har yana riƙe ciki, ya ce in dai za a dama masa fura, shi da akwatinsa suna gonar.

Haka aka yi, abokaina suka biyo rediyon gonar. Tun da safe muka kama aiki, makaɗi na bugun ganga, wasu na kayar da kara, wasu na yankan zangarniya, ni ina ɗaurin dami kamar zan karya bayana. Dattijon na zaune nesa a gindin ɗorawa. Ka san dokar suruki: in za ka wuce shi ka cire takalmi, ka durƙusa, ba ka haɗa ido da shi, ba ka ci ba ka sha a gabansa. Yini guda ko ruwa sai na ɓuya bayan dami nake kurɓa.

Da la'asar aka ɗora rediyo a kan tulin dawa. Turanci yake zubawa, mai shi na fassara mana, rabi kuma na tabbata ƙari yake yi. Aka tafi hutu ba wanda ya ci. Aka dawo, aiki ya tsaya cak, kowa ya matso. Can sai ya ɗaga hannu ya ce an ba Gana fenariti. Muka yi tsit. Sai akwatin ya ɓarke da ihu.

Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Na juya na cafke wanda ke bayana, na ɗaga shi sama, ina jijjiga shi ina cewa, "Ta shiga, ɗan uwa, ta shiga!" Sai na ji mutumin ba nauyi, kuma gemu na sukata a wuya.

Innalillahi! Surukina ne.

Makaɗi ya saki gangarsa. Abokaina suka watse cikin kara, ana jin dariyarsu ƙasa-ƙasa. Na dire shi, na zube a ƙasa, na ce a raina shi ke nan, aure ya tafi. Tsoro ya kama ni sosai, har idona ya kawo ruwa.

"Baba, a yi mini afuwa," na ce.

Bai ko kalle ni ba. Ya gyara hularsa, ya tambayi mai rediyon, "Wannan hayaniyar, mutanen Gana ne?"

Aka ce su ne. Ya tsuguna, ya kara kunnensa jikin akwatin. Gana ta ƙara biyu, bai ɗago ba har aka tashi.

Sannan ya juyo gare ni. "Babban ɗana yana can. Ya tafi fataucin goro shekara takwas, ko saƙo babu. Na ce ko yana cikin masu ihun nan."

Na san da maganar, amma ba a taɓa jin ya ambace ta da bakinsa ba.

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. "Tashi, yaro. Ka ce wa kawunka ya zo ranar Juma'a a sa rana. In kuma mutanen can za su sake taruwa, ka zo mini da akwatin nan."

Bayan shekara biyu Gana ta sake kaiwa wasan ƙarshe. Na kai masa rediyo har zaure, 'yarsa na goye da ɗanmu na fari. Aka ce masa wannan karon a Tunis ake yi, ba a Gana ba. Ya ce duk da haka a kunna.