Ranar da Ɗan Majalisarmu Ya Ce A'a

Shekarun baya, ina shekarar ƙarshe a makaranta a Gusau, na kusa ɓata sunan wani bawan Allah a gaban mutanen garinsa, da rula da jan biro.

Binciken kammala karatuna a kan majalisar dokokin jiha ne. Na zaɓi in bi diddigin yadda ɗan majalisar mazaɓarmu ya yi zaɓe a kowane ƙudiri. Ni ba mai surutu ba ne, ko a aji aka kira sunana sai tafin hannuna ya jiƙe, amma in takarda ce ba na gajiya. Wata biyu ina zarya ɗakin ajiyar kundin zaman majalisa. Na zana jadawali: ga ƙudiri, ga matsayin jam'iyyarsa, ga abin da ya zaɓa. Duk inda kundi ya ce majalisa ta amince, ban kuma ga sunansa cikin masu jayayya ba, sai in sa masa alamar amincewa. Da na gama, layi ya miƙe ja zur tun daga sama har ƙasa. Ko sau ɗaya bai saɓa wa jam'iyya ba.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne ƙudirin haɗe ƙananan firamare na ƙauyuka da na manyan garuruwa. Firamaren ƙauyenmu, a ƙasar Tsafe, aji huɗu ce, nan na koyi rubuta sunana. Tun da dokar ta wuce mutane ke jiran ranar da za a zo a rufe ta.

Abokina, shugaban ƙungiyar ɗaliban yankinmu, ya ga jadawalin ya buga tebur.

"Malam shiru-shiru, ashe kai ne mugun! Ran Asabar akwai taron iyaye da ɗalibai a gida, ɗan majalisar ma zai zo neman a sake tsai da shi takara. Kai za ka karanta wannan a gabansa."

Na amsa masa. Sai dai abu ɗaya ya tsaya mini. Bayan zaman ƙudirin makarantu, sunan ɗan majalisar ya ɓace daga shugabancin kwamitin ilimi, ba kuma bayani. Ni kuwa ba na iya barin gurbi babu komai. Na yi ta tambaya har aka kwatanta mini wani tsoho a Bungudu, wanda shi ke ɗaukar bayanan zaman a lokacin kafin ya yi ritaya.

Na tarar da shi da hantsi a zaurensa yana gyaran rediyo. Muka gaisa, na miƙa masa jadawalin da hannu biyu. Ya daɗe yana dubawa.

"Rubutunka da kyau," ya ce. "Ka taɓa shiga zauren majalisa ana zama?"

"A'a, Baba."

"Awo, na gani. To wa ya hwaɗa maka abin da ya zaɓa?"

Na ce kundi. Ya yi dariya har da tari.

Ya yi mini bayani a hankali. Yawancin zaɓen majalisa da baki ake yi. Kakaki zai ce masu goyon baya su ce e, waɗanda ba su goya ba su ce a'a, ya saurari ɓangaren da ya fi ƙara, ya buga guduma. Abin da ake rubutawa kawai an amince. Ba a ɗaukar sunan kowa sai in an nemi a ƙirga.

"Ran nan da kake magana ina zaune ƙasan kujerar kakaki. Aka ce masu e, zaure ya ɗauka. Aka ce masu a'a, murya guda ta tashi, har ta shaƙe mishi. Mutuminku ne. Kowa ya waiga. Kwana uku aka karɓe mishi kwamiti."

Na buɗe fayil ɗina, na ce amma Baba dokar ta wuce.

"Karanta mini sashe na tara."

Na karanta: ban da makarantar da yaranta za su ƙetare rafi kafin su kai wata. Na san sashen, har na yaba wa wanda kundi ya ce ya kawo gyaran, wani daga wata mazaɓa.

"Naku ya rubuta shi da hannunshi. Ya san in daga bakinshi ya fito ba mai karɓa, sai ya ba wancan. Akwai rafi tsakaninku da gari?"

Akwai. Da damina har ƙugu yake kai wa babba. Ashe makarantarmu ba jinkiri ya hana a rufe ta ba.

A motar komawa Gusau ban iya ko kallon fayil ɗin ba. Abokina ya ji haushi, ya ce na je tsoho ya wanke mini kai. Na ce ko dai in karanta abin da na gano, ko ya nemi wani.

Ran Asabar na miƙe a filin firamaren da takardata. Na faɗi kuskurena tukuna, sannan na faɗi abin da tsohon ya gaya mini, na karanta sashe na tara. Wani dattijo ya juya wajen ɗan majalisar ya ce, "Alhaji, mi ya hana ka hwaɗi?" Shi kuwa ya ce ai an riga an hukunta shi sau ɗaya, bai ga dalilin neman na biyu ba.

Da aka tashi ya kira ni gefe, ya karɓi jadawalin ya bi da yatsa.

"Kada ka mai da ni waliyyi, ɗana. Sauran nan duka na ce e, wasu ma ban gama karanta su ba. Wannan guda dai na kasa."

Jam'iyya ba ta sake ba shi takara ba, maganata ba ta kai can ba. Amma ya koma gonarsa mutanen gari na tsayawa su gaishe shi, kuma ban zama sanadin da za su daina ba. Wannan nake gode wa Allah a kai, da tsohon nan na Bungudu da ya yi mini dariya maimakon ya kore ni.

Har yau aikina da takardu ne, kuma kafin in yanke wa mutum hukunci da su, sai na nemi wanda yake wurin. Jadawalin yana nan cikin akwatina. Na goge jan layin duka, na bar guraben babu komai, sai guda ɗaya da na cike da a'a. Duk damina in na je gida, ina jin yara na karatu a aji huɗun nan, rafi kuma yana can yana cika.