Kibiyar da Ke Dawowa da Kanta

Ni dai ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na haihu na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa rubutuna ke tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tulu a kai. Amma karatuna na fari a gaban wutar Dada na yi shi, kakarmu ta wajen uwa, can Miri, lokacin da gonaki suka fi gidaje yawa.

Bayan girbi, in sanyi ya fara shigowa, Dada kan tara karan dawa a tsakar gida ta hura wuta da an idar da sallar isha'i. Mu kewaye ta, ni da ƙanena Sale da yaran maƙwabta, kowa ya ja zane ya rufe gwiwa. Ta binne gyaɗa a toka mai zafi, ba ta cewa uffan sai ƙanshi ya tashi. Sannan ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta iso, akwai wuri."

Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Amma akwai ɗaya da ba ta fito da ita sai ranar da wani cikinmu ya yi ɓarna ya gudu. Da ta soma, sai mu shiga satar kallon juna.

Ranar da na fi tunawa, Sale ne. Ya samu sabon danƙo, ya hau katanga ya harbi kazar maƙwabta mai 'yan tsaki, ya diro ya dawo yana fito kamar ba shi ba.

Dada ta ce wani maharbi ne mai kibiya ɗaya tak. Duk abin da ya harba, dole ya taka ya je ya zaro ta. A nan zai ga idon dabbar, ya ji tana haki, ya yi bisimilla ya yanka. In barewa ce mai shayarwa, ranar tuwo ba ya wuce masa maƙogwaro. Don haka ba ya harbi sai tukunya ta nema. Rannan ya taimaki wani tsohon maƙeri a daji, tsohon ya ce ya faɗi buƙatarsa. Maharbi ya ce ƙafafunsa sun gaji, yana son kibiya mai dawowa da kanta. Aka ƙera masa. Sai ya hau dutse ya zauna. Ya ga motsi, ya saki, kibiya ta dawo. Ya sake saki. Naman ma ya daina ɗaukowa, daɗin sakin kawai yake ji. Har wata yamma ciyawa ta motsa, ya saki, kibiya ta dawo da jini da ɗan jan gashi a bakinta. Ya yi ta kiran karensa, wanda ya rena tun yana ɗan kwikwiyo. Kare bai zo ba.

Muka ce, "Sai me, Dada?"

"Sai me kuwa? Sai ya sauko. Ƙafar da ya ce ta gaji, ita ta kai shi."

Ta zaro kara mai wuta a baki, ta miƙa wa Sale. "Angona, tashi ka je ka zaro kibiyarka."

"Dada, ni fa ban..."

"Ban tambaye ka ba. Tana bayan rumbu, 'ya'yanta na kanta."

Ya tafi yana jan ƙafa. Ya dawo da 'yan tsaki cikin rigarsa yana kuka har da majina. Shi ya rene su har suka yi fiffike.

Dada ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Ni aure ya kawo ni unguwar Ƙofar Ran, cikin birni. Ɗana Nura ya kusa gama sakandare, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, yaron kirki ne. Yana sallah, yana ɗebo mini ruwa ba sai na roƙa ba. Abu ɗaya ne ya shiga tsakaninmu, gem ɗin harbi da ke cikin wayarsa.

Na taɓa leƙawa. Sojoji ne da kaki kamar ka taɓa su, jini na fantsama a gilashin, har hakin mai gudu kana ji. Su taru a zaure shi da abokansa, kawuna a sunkuye. "Ya faɗi, ƙarasa shi!" "Kai, na mutu, ku jira ni in dawo." Da farko in na ji haka sai in ce subhanallahi. Na sa ya goge, ya goge. Kafin Juma'a wani sabon gem ya fito.

"Umma, wannan daban ne. Wancan na hamada ne, wannan na cikin gari."

Ni duk ɗaya nake gani, hannu riƙe da bindiga, mutum a gaba. Babansa ya ƙwace wayar, ya ari ta aboki. Ka bi ta shagon caji, duk yaran unguwa abin da suke yi ke nan. Kamar mai share tururuwa, kana sharewa suna fitowa. Na gaji da magana, na koma kallo.

Ana nan Sale ya dawo. Soja ya zama, ya yi shekaru a bakin daga, aka sallame shi. Ya dawo ba ya son hira, ba ya zama sai bayansa na jikin bango. Ba shi da kowa sai ni, muka ba shi ɗakin zaure.

Wata la'asar ina miƙa masa kunu, Nura na bakin ƙofa, wayarsa ta saki ruwan harsashi da ƙarfi. Kwanon ya faɗi. Sale, ƙaton mutum, ya kife bayan randa, hannuwa a kai, yana ihu, "Ku kwanta! Bulus, kwanta!" Kunu na bin ƙafata. Na juya na dubi Nura. Ko kai bai ɗaga ba. Cewa ya yi, "Saura ɗaya!"

Da safe Sale ya ɗauki jakarsa. "Yaya, bari in koma Miri. Kada yaro ya takura saboda ni." Na san tsohon gidanmu na can, rufi na yoyo, ba mai dafa masa, ba mai jin sa in ya firgita cikin barci. Na roƙe shi, ya yi murmushi kawai ya hau mashin.

Ban yi faɗa ba, faɗan ya ƙare mini. Ran Asabar na tuƙa tuwo da miyar kuka, na ɗaure kwanon a ɗankwali.

"Nura, kai wa kawunka."

"Umma, a ba ɗan acaɓa mana."

"Kai za ka je. Ajiye wayar a nan. Je ka zaro kibiyarka."

"Wace kibiya kuma?"

"Tambayi kawunka, ya san ta."

Sai bayan magariba na ji sallama. Nura ne a gaba, jakar kawunsa a kafaɗa, Sale na biye. Ba wanda ya gaya mini abin da suka tattauna. Ina wanke kwano Nura ya zo ya tsuguna kusa da ni.

"Umma, kin san Bulus?"

"Ban san shi ba."

"Abokin Kawu ne, ɗan wajen Tafawa Ɓalewa. Kawu ya ce shi ya ɗauko gawarsa a baya." Ya sa hannu yana wasa da ruwan wankin. "Ya ce yana da nauyi."

Da zan ce daga ranar ya daina, da na yi ƙarya. Bai daina ba. Iyafis ya samo yana toshe kunnuwa, kuma da kawunsa ya shigo yake kife wayar a cinya.

Ina yarinya na ɗauka Dada cewa take kada a yi harbi. Yanzu na ga ba ta taɓa karɓe danƙon Sale ba. Tafiyar ta sa shi. Maƙeran yau kuwa ba sa hutawa, ba ni da ƙarfin karya abin da suke ƙerawa. Iyakata in tura yaro ya taka da ƙafarsa, in ya manta in sake tura shi.

Jiya da yamma Sale ya yi barci a tabarma tsakar gida, bayansa ba a jikin bango ba. Nura na gefe, manyan yatsunsa na ta motsi, ba ƙara. Can ya ɗago ya dubi kawunsa, ya daɗe yana duba, sannan ya sake sunkuyawa. Nan tawa ta tsaya, kamar yadda Dada kan ce, saura a tone gyaɗa a toka.