Layin da Na Ƙara wa Littafin Malamin Gona

Ranar wata Alhamis ce da la'asar, cikin bazarar da ta biyo bayan shekarar fari, ina aji biyar a firamaren ƙauyenmu da ke gefen Bici. Baba yana zaune kan buzu a tsakar gida yana tufkar igiyar rama, ni kuma na durƙusa gabansa da wani ɗan littafi mai koren bango da malamin gona ya raba mana a makaranta, aka ce kowa ya je ya karanta wa ubansa. Baba yana karanta Alƙur'ani da ajami ba gargada, amma boko ko harafi ɗaya bai sani ba, kuma bai yarda da shi ba. Tun daga hoton bango ya fara zargi, domin manomin da aka zana farar riga ƙal ya saka, yana ta washe baki. Baba ya dube shi ya ce, "Wannan ko bai taɓa riƙe fartanya ba, ko gonar ba tasa ba ce." Sannan ya ce in karanta.

A shekarar nan rumbunmu an share shi har ƙasa tun rani bai raba ba. Akuyarmu an sayar, kaji sun bi bayanta. Abin da ake ɗorawa a murhu bai wuce busasshiyar tafasa da dusa ba, in an yi sa'a a samu ɗan garin rogo a jiƙa. Rijiya ta yi nisa har sai da aka ƙara wa guga igiya sau biyu, kuma ni ke jan ta kafin in tafi makaranta. A lokacin hutun tara a makaranta mun daina 'yar gala-gala, sai dai mu zauna gindin darbejiya muna carafke, don shi a zaune ake yin sa. Duk wannan ana jurewa. Abin da ya gagare ni jurewa shi ne ƙanena Iro, ɗan shekara uku, wanda ya yi kukan abinci har ya gaji ya daina, sai dai ya kwanta bayan Inna yana bin mutum da ido. Alhali a ɗakin Baba, can sama jikin azara, akwai dami biyu na gero a rataye, zangarniyoyin da ya tsince ɗaya bayan ɗaya daga ɗan abin da fari ya bari. Iri ne. Kullum cewa yake, "Wanda ya ci irinsa ya ci baɗinsa." Ni kuwa in na shiga shara, sai na tsaya na ɗaga kai na haɗiyi yawu.

To, a wannan Alhamis ɗin na zo wurin da littafin ke magana a kan zaɓen iri da adana shi inda babu laima. Da na kai ƙarshen layin, bakina bai tsaya ba. Da irin muryar da nake karatu, ba tare da na ɗaga ido ba, na ƙara cewa irin da ya sha fari ba ya tsiro, gara a ci shi, za a kawo wa manoma sabo kafin ruwa ya sauka. Har yau ban san daga ina maganar ta fito ba, ban shirya ta ba. Hannun Baba ya tsaya da tufka. Ya dube ni, ya dubi littafin, ya ce, "Haka ya ce?" Na ce haka ya ce. Ya koma kan tufkarsa. Inna tana bayan zana tana tankaɗe, na ji rariyar ta yi shiru.

Ranar kasuwa Baba ya ɗauki igiyoyinsa ya nufi Bici. Ƙafarsa ba ta yi nisa ba Inna ta taka turmi ta sauko da dami ɗaya, ta ce, "Tunda littafi ya faɗa." Ni na taya ta sussuka, ni na taya ta surfe, kuma wallahi ban taɓa yin daka da ƙarfin zuciya irin na ranar ba. Ta dama kunu mai kauri. Iro ya riƙe ƙwarya da hannu biyu ya sha har cikinsa ya yi tulele, da yamma ya tashi yana bin ƙadangare da tsinke. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, amma tsoro ya hana ni jin daɗin nawa kunun.

Da Baba ya dawo ya ga igiya ɗaya tana lilo babu dami, bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya yi alwala, ya yi salla, sannan ya ce, "Talatu, kawo littafin nan." Ya karyo tsinke daga tsintsiya ya miƙo mini, ya ce in riƙa ɗora shi kan kowace kalma ina faɗa, kamar yadda ake biya allo. Na fara. Tsinke ya kai ƙarshen layi, ya faɗa fili, ni kuwa ina da sauran magana a baki. Na daure na ce irin da ya sha fari ba ya fitowa. Baba ya ce, "Ranar Alhamis 'ba ya tsiro' kika ce. Rubutu ba ya sake magana, mai karatu ne ke sakewa." Na fashe da kuka. Ya karɓi littafin ya juya shi, ya dubi mai farar rigar nan ya ce, "Ashe na ɗauki alhakinka, bawan Allah."

Sabon iri dai ba wanda ya kawo, tunda ni na ƙirƙiro shi. Ruwa ya sauka, muka fita shuka, Baba yana gaba yana sara da sungumi, ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Daidai gindin ɗorawar da ke tsakiyar gona ƙoƙona ya ƙare. Baba ya jingina da sungumi ya dubi rabin da ya rage, jar ƙasa ta sha ruwa tana jira, ya ce, "Saura sai ki karanta mata." Daga baya yayansa ya taimaka masa da ɗan wake ya cike. Abin takaicin kuma, daminar ta yi kyau. Geron da muka shuka ya fi mutum tsawo, kullum na kai wa Baba fura sai na ga inda ya yanke.

Yanzu ina da littattafai fiye da yadda ɗakin Baba zai ɗauka, kuma ba na iya karanta su da zuciya ɗaya. Kwanan nan na gama wani na tarihin shekarun fari, inda marubucin ya ce rashin sani ne ya sa manoma suka cinye irinsu. Na rufe shi da haushi, don wannan ma ɗan farar riga ne, bai taɓa ganin yaron da ya daina kuka ba. Na kuma karanta wani ƙagaggen labari da mayunwata ke zuba jawabi shafi biyu, alhali mai yunwa gajeriyar magana gare shi. Ina karatu ina jin tsinken nan a hannuna, ina neman inda rubutu ya ƙare baki ya ci gaba.

Iro ne ke noma gonar yau, da 'ya'yansa biyar. Bayan rasuwar Baba na zauna da Inna na roƙe ta gafara, na ce ni na yaudare ta da littafi. Ta dube ni ta yi 'yar dariya ta ce, "Ni da na haife ki ban san muryarki ta ƙarya ba? Abin jingina nake nema, kika miƙo mini." Shekaru ina ɗauke da damin nan ni kaɗai, ashe mu biyu muka sauko da shi.