Unguwar da ta jira bakina

Shekarun baya an yi min aiki a kai, aka cire min ƙari daga ƙwaƙwalwa. Kafin nan ni ne sarkin surutu a layinmu na Tudun Wada. Shagon kayan babur gare ni, kuma wanda ya zo sayen fulogi sai ya sha labari tukuna. To, ranar da na farfaɗo a asibiti, matata ta ce min sannu, na buɗe baki in amsa, sai na ji wayam. Na san abin da nake so in ce, amma ya ƙi fitowa.

Likita ya ce magana kan dawo, sai dai a yi ta sa ni ina yi. Ni kuwa tsoro ya cika ni, don matata na da cikin fari a lokacin, bayan shekara tara muna jira. Babu abin da ke cin raina kamar a haihu in kasa yi wa jaririn huɗuba a kunne.

Da aka sallame mu, 'yan dubiya suka cika gida. Kun san gaisuwar Sakkwato ba ta da gajeriya. Mutum zai ce ina kwana, ya jiki, ina gajiya, ya gida, duk a numfashi ɗaya. Kafin in lalubo kalma guda, wani na gefe ya riga ya ce, "Lahiya lau, da sauƙi." Har mai gaisuwar ma kan amsa wa kansa don kada in ji kunya. Tausayi ne, wallahi na sani. Amma sai da na yi wata guda cur ina zaune kamar turmi, ana gaishe ni ana amsa mini.

Maƙwabcina ne ya lura. Dattijo ne Kirista, mutumin Filato, ya yi ritaya bayan ya daɗe yana koyar da 'yan aji ɗaya, kowa Malam yake kiransa. Ya samu yayana ya ce masa muna cutar bawan Allahn nan. Ya ce a aji, in yaro ya tsaya kan harafi ka yi saurin faɗa masa, to ka hana shi karatu ke nan. Yayana ya kai maganar ga limaminmu, liman ya sanar bayan La'asar: duk wanda ya gaishe ni, ya yi tambaya ɗaya tak, ya tsaya har in amsa da bakina.

Aka fito min da kujera ƙofar gida. Ranar farko haushi ya kusa kashe ni. Malam ya ce ina kwana, ya harɗe hannu yana kallon sama abinsa. Na yi gumi, na yi tsaki, na nuna masa hanya da hannu. Ko gezau. Da ƙyar "lahiya" ta fito a karkace, ya ce madalla, ya wuce.

Abin mamaki, layin nan gaba ɗaya ya ɗauka. Ɗan kabu-kabu zai kashe babur da fasinja a baya, ya jira ni. Mai koko takan sauke bokiti ta tsaya. Abokina ɗaya, in ya makara zuwa kasuwa, ta bayan layi yake zagayawa don kada ya haɗu da ni, amma da yamma sai ya dawo ya yi gaisuwar safen da ya tsallake. Malam kuma kullum sai ya ƙaro tambaya, daga ina kwana zuwa me na ci, har ya kai ga tsokanata a kan ƙwallo don in yi gardama.

Wata huɗu bayan an yi min aikin, matata ta haifi mace. Aka miƙo min ita, ɗaki cike da 'yan uwa. Na kai bakina kunnenta, na yi kabbara ta farko, sai harshe ya ɗaure. Yayana ya matso a hankali zai karɓe ta. Mahaifiyata ta riƙe masa hannu.

"Bas shi. Ɗiyatai ta, shi za ya yi da bakinai."

Ban san iya lokacin da na ɗauka ba, na dai san hannuna ya yi tsami, hawaye na ɗiga kan zanen goyo. Kalma bayan kalma na kai ƙarshen kiran salla, na raɗa mata sunanta. Babu wanda ya yi ko tari.

Yau na koma shago, matata ma har cewa take surutun ya fi na da. In na tuna, ba abincin da aka yi ta kawowa ke sa ni ƙwalla ba, ko da yake an kawo, Allah ya saka. Tsayuwar nan ce. Mutane masu neman na tuwo, cikin rana irin ta Sakkwato, suka tsaya ƙyam don kalma ɗaya daga bakina. Yarinyar nan yanzu ta fara haɗa harafi a makaranta, kuma in ta tsaya kan kalma, bakina har ƙaiƙayi yake in faɗa mata. Sai in yi shiru, in jira ta.