Baba Mai Yasa da Rijiyar Bakin Kasuwa

Igiya mai kauri, guga biyu, shebur mai gajeriyar ƙota, fitilar kwano, da tsumman ɗaure gwiwa. Kayan da Baba Mai Yasa ya ɗauko ke nan ranar da na ci karo da shi a hanyar kasuwa, yana ratsa taɓo har ƙauri. Kogi bai daɗe da komawa makwancinsa ba.

Na dawo gida bayan dogon zama wajen karatu, na tarar bakin kowa yabon masu kwale-kwalen da suka ceci jama'a lokacin ambaliya. Sun cancanta. Amma ambaliya sau biyu take kisa. Da farko ta ci wanda ta riska, in ta janye kuma ta bar gubarta a rijiyoyi. Yaƙi na biyun nan dattijon yake yi, ba mai tafa masa.

Tun yana saurayi aikinsa bai sake ba. Ya iso bakin rijiya, ya kunna fitila, ya zura ta da igiya. In ta mutu kafin ta kai ruwa, iskar ciki muguwa ce, sai a jira. In ta ci gaba da ci, ya tuɓe riga ya sauka. Ya yi ta turo laka da mushen kaji da takalman yara har idon ruwa ya buɗe, ya zuba maganin da asibiti suka ba shi. Daga nan sai dokarsa: shi zai fara sha. In ya wayi gari cikinsa lafiya, a buɗe wa jama'a.

Ma'aikaciyar asibiti ta gaya mini unguwannin da ya riga shiga ba su kawo mata mai amai da gudawa ba. Matarsa kuwa cewa ta yi, "Mazan mutane da cefane suke dawowa, nawa da murɗar ciki."

Kai ne mai shiga inda ake leƙe a ja da baya, Baba. Bana ce ta ƙarshe, ƙirji ya ƙi, kai ma ka yarda. Mun gode, Allah ya saka. Masu sauran ƙarfi, ku je ku riƙe masa igiya ku koya tun yana iya nunawa.

Rijiyar bakin kasuwa ce ta rage masa. Shi ya haƙa ta da hannunsa, shi da marigayi yayansa, kuma duk garin babu ruwa mai daɗin nata. Ambaliya ta rusa masai na kasuwa, ƙazanta ta sami hanya. Ya yashe ta, wari ya dawo. Ya sake, ya sake dawowa. Ranar da na bi shi, ya fito ya zauna a bakinta yana haki, mai garuwa ya tsaya a kansa.

"Baba, ka buɗe mana kawai. Ruwan ai ya yi fari tas."

"Fari kamar haƙorinka, ciki duk ruɓa."

"To ni da me zan ci? Kafin in kai rijiyar tudu ƙafa ta kumbura."

"Gara ta kumbura da a ɗauke ka a makara, ɗana."

Mai unguwa ya matso, ya sassauta murya. "Taku ce fa, kai da marigayi. Ka ƙara gwadawa ko sau ɗaya."

"Shi ya sa na san ta, ranka ya daɗe. Bango ya tsage ta gefen masai. Ko a ciki zan tare, gobe warin ya dawo."

Ya ɗan jima yana kallon ruwan. Sannan ya miƙe, ya jawo ƙofar ƙarfen da ke bakinta ya rufe, ya karɓi kwaɗo wajen mai shago ya datse.

"Wannan ta gama aiki," ya ce. "Gobe a kawo diga, a tudu za mu haƙa sabuwa."